Baƙon da bai ji Hausa sosai ba, yaya zai sha magani daidai? Darasi daga Misau

 A wannan makon zan fara ne da wani kuskure da na yi da kaina, domin shi ya jawo duk bayanin da zai biyo baya.

Wata rana da yamma, a kantin maganin da nake aiki a Misau, wata dattijuwa ta shigo goye da jikarta mai shekara biyu, jikin yarinyar da zafi. Sun fito daga asibiti, an rubuta musu magunguna, ciki har da farasitamol na ruwa. Na ɗauko kwalba mai mililita 60, na ce, "Mama, cokali ɗaya za ki ba ta, sau uku a rana." Ta ce, "To." Na ce, "Kin gane ko?" Ta sake cewa, "To, 'yata." Layi ya yi tsawo, sai na juya ga na bayanta.

Washegari da la'asar sai ga ta da kwalbar babu komai a ciki, tana neman wata. Gabana ya faɗi. Cokalin da nake nufi shi ne ƙaramin cokalin shayi mai ɗaukar mililita 5, wanda da shi kwalbar za ta yi kwana huɗu. Ita kuwa babban cokalin cin shinkafa ta ɗauka, mai ɗaukar kusan mililita 15. Ke nan duk sha ɗaya yarinyar tana shan ninki uku na abin da aka rubuta mata, kwalbar kuma ta ƙare a sha huɗu. Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake taɓawa, kuma ba lallai ne a ga alama a ranar farko ba. Nan take na sa aka mayar da su asibiti. Allah Ya kiyaye, yarinyar ta tashi lafiya.

Sai daga baya, da wani yaron maƙwabta ya yi mana tafinta, na san cewa Mama daga wani ƙauye take a yankin Damboa ta Jihar Borno. Kanuri ne harshenta. Hausarta ta gaisuwa ce da cinikin kayan miya. "To" ɗin da take ce mini ta ladabi ce, irin wadda babba yake yi don kada ya ɓata wa mai aiki lokaci. Laifin nawa ne: na yi bayani, ban tabbatar an ji ba.

Yadda suka zo cikinmu

Rikicin Boko Haram ya fito fili a watan Yulin 2009, amma a 2014 ne gudu ya yi tsanani. A wannan shekarar garuruwa irin su Damboa da Gwoza da Bama a Borno, da Buni Yadi a Yobe, da Mubi a Adamawa suka faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya, sannan a farkon 2015 aka auka wa Baga. Mutum sama da miliyan biyu ne suka bar gidajensu a Arewa maso Gabas. Wasu sun tsallaka iyaka, zuwa Diffa a Nijar ko sansanin Minawao a Kamaru. Mafi yawa kuwa sun tsaya a cikin ƙasa, kuma babbar hanyar Maiduguri zuwa Kano, wadda ta ratsa Damaturu da Potiskum da Azare, ita ta kawo da yawa daga cikinsu ƙasar Katagum da Misau. Ita kanta Azare ba ta tsira ba, don a ƙarshen 2014 bama-bamai sun tashi a garin fiye da sau ɗaya. Duk da haka mutane ba su rufe ƙofa ba.

Abin da ya bambanta Jihar Bauchi da Maiduguri shi ne, a nan akasarin waɗanda suka zo ba a sansani suka sauka ba. Sun sauka ne a gidajen dangi da abokan kasuwanci, da ɗakunan haya, da kangwayen da masu su suka ce a zauna kafin Allah Ya kawo sauƙi. Wannan ya rufa wa mutane asiri ƙwarai. Sai dai yana da wani gefe da ba a cika magana a kai ba. Wanda yake sansani ana ƙirga shi, ana kai masa ma'aikatan lafiya, wani lokaci har da tafinta. Wanda ya saje cikin unguwa kuwa, da zarar an daina ganin sa da ƙunshin kaya a ka, sai a ɗauka ya zama ɗan gari, alhali matarsa da tsohuwarsa suna cikin gida shekara da shekaru ba su iya yi wa likita bayanin ciwonsu ba.

Maza suna fita kasuwa da gona, yara suna makaranta da wasa a layi, don haka Hausa tana kama bakinsu da wuri. Mata da tsofaffi su ake bari a baya, kuma su ne masu ba yara magani.

Misau ta san hijira

Idan akwai garin da bai kamata a koya masa karɓar baƙo ba, to Misau ce. Kafin jihadi wannan yanki yana ƙarƙashin Borno ne. Gwani Mukhtar, wanda ya jagoranci cin Birnin Ngazargamu a 1808, daga ƙasar Borno ya fito, kuma ɗansa Mamman Manga ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Misau wajen shekarar 1831. Daga baya, a 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Misau Ahmadu yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa zuwa gabas, wadda ta kai ga yaƙin Burmi. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Kakanninmu ma sun taɓa isa wata ƙasa da ƙafa a kumbure, suka tarar da mutanen da ba sa jin harshensu.

Har yanzu idan Bafulatani ya haɗu da Babarbare a kasuwar Misau sai an yi wasan taubasai, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani. Wannan wasa shaida ce ta daɗaɗɗen zama tare. Ke nan a cikin gari akwai masu jin Kanuri da Hausa duka biyu, akwai masu Fulatanci da Karekare. Tafintocin da muke buƙata suna nan a cikinmu, ba mu dai shirya su ba ne.

Inda rashin jin harshe yake yin ɓarna

Ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders, wadda ta yi aiki a Maiduguri, ta nuna cewa yawancin bayanan agaji da Turanci da Hausa ake bayar da su, alhali da yawa daga waɗanda ake yi dominsu, musamman mata, Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Margi ko wani harshen suka fi ji. Abin da nake gani a bakin kanta ya yi daidai da haka. Ga wuraren da aka fi samun matsala.

Maganin zazzaɓin cizon sauro. Wanda aka fi bayarwa yanzu, mai haɗin atimita da lumefantirin, sha shida ne a cikin kwana uku: na farko, sai na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma a kwana biyu masu zuwa, kuma an fi so a sha da madara ko abinci mai maiƙo. Wadda ba ta gane ba takan ba yaro sha biyu ko uku, jiki ya yi sanyi, ta ɓoye sauran don gaba. Bayan kwanaki zazzaɓi ya dawo.

Garin maganin ƙwayoyin cuta na yara, irin su amoksisilin. Yana zuwa a bushe cikin kwalba, ana zuba tafasasshen ruwan da ya huce har zuwa layin da ke jikin kwalbar, a girgiza. Idan aka cika ta har wuya, maganin ya tsinke, yaro ba zai samu abin da ya kamata ba. Bayan an haɗa kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne, galibi mako guda, ba a ajiye shi sai wani ciwon.

Ruwan gishiri da sukari na gudawa. Kowane ƙunshi yana da adadin ruwan da aka rubuta masa, galibi lita ɗaya. Idan aka zuba shi a ƙaramin kofi, gishirin ya yi yawa, kuma hakan yana iya cutar da jariri. Abin da ya kwana ya wuni bayan haɗawa zubarwa ake yi. Ƙwayar zinki da ake haɗawa da shi kuma kwana goma zuwa sha huɗu ake bayarwa, ko da gudawar ta tsaya.

Maganin cibiyar jariri. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi saboda an samu jarirai a wasu ƙasashen Afirka da aka ɗiga musu maganin cibiya, kilorhezidin, a ido, domin mazubinsa ya yi kama da na maganin ido. Wasu sun makance. Gargaɗin yana rubuce a jikin kwali, amma da harshen da uwar ba ta karantawa.

Sai kuma ciwon da ake daɗewa ana shan magani. Tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Hawan jini da ciwon sukari da farfaɗiya da cuta mai karya garkuwar jiki duk ba a yanke musu magani. Wanda ya gudo cikin dare bai ɗauko katin asibiti ba. Idan ya zo wurina ya ce ƙwayar "fara ce ƙarama", to farare ƙanana sun fi a ƙirga. Da ya iya rubuta sunan maganinsa, ko ya gane shi a jikin kwali, da an huta.

Wane aji muke buƙata?

A ƙasashen Turai, baƙon da aka ba mafaka ana tura shi ajin koyon harshen ƙasar. A Jamus, alal misali, kwas ɗin da gwamnati ta tsara yana da awa 600 na koyon Jamusanci da ƙarin awa 100 na sanin dokoki da rayuwar ƙasar. A Ingila majami'u da masallatai da ɗakunan karatu na unguwa suna buɗe ajin Turanci ga masu neman mafaka. Hikimar ita ce, wanda ya iya harshe zai nemi aiki da kansa, ya je asibiti da kansa, ya daina dogaro da wani.

Namu yanayin ya ɗan bambanta, domin baƙonmu hawa uku ne a gabansa. Na farko shi ne Hausar baki, wadda za ta ishe shi yi wa ma'aikacin lafiya bayani: ina ne ke ciwo, tun yaushe, me aka riga aka sha. Na biyu shi ne karatun boko da lambobi, ko da da Hausa ne. Na uku shi ne Turanci daidai buƙata, domin kwalin magani da katin rigakafi da takardar makarantar yara da saƙon banki duk da Turanci suke zuwa. Idan aka fara da na ukun aka tsallake biyun farko, mata za su zo mako biyu su daina.

Turancin da uwa take buƙata don kare ɗanta bai kai yadda ake tsoro ba. Ta gane lambobi daga 1 zuwa 31 da sunayen watanni 12. Ta san cewa haruffan EXP suna nuna ranar da magani zai lalace, MFG kuma ranar da aka yi shi, don ana yawan rikita su. Ta iya neman lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali. Ta bambanta ml da mg. Ta gane layin 2.5 da na 5 da na 10 a jikin murfin awo. Ta karanta sunan ɗanta da ranar komawa rigakafi a kati. Wannan karatun 'yan watanni ne ga wadda take zuwa a kai a kai.

Bayan abin da ya faru da jikar Mama, ni da wata ƙawata malamar firamare muka roƙi aron aji a wata Islamiyya ta unguwarmu ranar Alhamis, tunda ranar babu karatu. Ba mu sayi littafi ko ɗaya ba. Kwalayen magani da babu komai a ciki na tara a buhu, da murafun awo, da cokula manya da ƙanana, da robar ruwa mai lita ɗaya. Wata matashiya da aka haifa a Borno ta girma a Misau ita ke juya magana zuwa Kanuri. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba a yi nisa ba matan gari suka fara shigowa su ma, suna cewa ai mu ma ba mu iya karanta ranar lalacewar nan ba. Yanzu baƙi da 'yan gari tabarma ɗaya suke zama. Ranar da Mama ta ɗaga wani kwali ta ce, "'Yata, wannan ya mutu tun bara," dukanmu sai da muka yi mata tafi.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru tun a ƙarni na 19, inda jajis suke bi ƙauye ƙauye suna karantar da mata, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa don kowa ya ji da harshen da ya iya. A shekarun 1950 an yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa. A yau akwai Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Bauchi, akwai ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da aka kafa a 1985. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da Kwalejin A.D. Rufa'i a nan Misau, cike da ɗaliban da suke neman inda za su gwada koyarwa. Haɗa waɗannan da matan da ke cikin gidaje shi ne aikin da ya rage.

A ɓangaren hukuma kuwa, Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnatoci alhakin kula da waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, har da tallafa wa al'ummomin da suka sauke su. Akwai hukumar tarayya mai kula da 'yan gudun hijira da baƙin haure, akwai kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Rabon shinkafa da bargo yana da kyau, amma alawus ɗin malama ɗaya da tafinta ɗaya a kowace gunduma zai daɗe yana amfani bayan shinkafar ta ƙare.

Abin da kowannenmu zai iya yi

Ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya da masu kemis: mu daina tambayar "kin gane?", don amsarta kullum "to" ce. A miƙa mata kwalbar da murfin awo, a ce, "Mama, nuna mini yadda za ki ba ta idan kin je gida." A nan ne kuskure yake fitowa. A ja layi da biro a jikin murfin ko sirinjin awo daidai inda za ta tsaya. A ɗaura lokacin sha da abin da kowa ya sani: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. A zana rana da wata a jikin ambulan. Kalmar "cokali" kuma a bar ta, sai in an nuna cokalin a hannu.

A guji sa ƙaramin yaro tafinta a kan larurar mata ko ta aure ko ta ƙwaƙwalwa. Uwa ba za ta faɗi gaskiyar ciwonta ta bakin ɗanta ba. A nemi mace babba mai riƙe sirri. A kuma tuna cewa da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Mai zuwa kullum yana neman maganin barci ko na ciwon kai yana iya zama mai buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma a tura shi asibiti ya fi a yi ta miƙa masa ƙwaya.

Ga uwargida: idan kina da maƙwabciya baƙuwa, ki raka ta awon ciki ko rigakafi, ko da sau ɗaya ne, ki nuna mata inda ake yankar kati da inda ake karɓar magani. Idan damina ta zo masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka shigo layi, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, ki leƙa ki tabbatar ta san cewa na kwana uku ne a jere, na rana ta biyu da ta uku ita za ta bayar da hannunta. Ki koyi gaisuwarta ko da kalma ɗaya ce. "Wushe" kaɗai tana sa fuska ta saki.

Ga maigida: idan matarka ko mahaifiyarka tana son zuwa aji, ka bar ta, ka ma ƙarfafa mata. Ranar da kake kasuwar Azare yaro ya kama zazzaɓi, karatunta ne zai yi aiki. Ga masu unguwanni da limamai da shugabannin Islamiyyu: aji ɗaya da babu kowa a ciki ranar Alhamis ko Juma'a, da sanarwa ɗaya bayan salla, sun isa a fara.

Akan ce baƙo mai wucewa ne. Namu baƙin da yawa ba za su wuce ba, sun yi aure a nan, sun haifi 'ya'ya, sun binne iyayensu a maƙabartunmu. Mun ba su ɗaki da abinci lokacin da suka zo, kuma Allah ba Ya manta wannan. Abin da ya rage shi ne mu zauna da su a tabarma har su iya karanta abin da suke ɗura wa 'ya'yansu.

Jikar Mama yanzu ta fara zuwa makaranta. Kwanakin baya sun zo tare sayen maganin tari, kafin in buɗe baki Mama ta zaro murfin awo daga bakin zaninta ta ce, "Biyar ko goma?"

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.